Wa Yake Taɓa wa Baba Kaya

Lahadi, 5 ga wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya masu jiki? Mu nan lafiya lau. Tarin Gwaggo ya yi sauƙi. Baba yana cin abinci sosai, ƙafar ce dai take ɗan kumbura da yamma. Gobe zan ba direban motar da take kai muku magani wannan takarda. Ba zan iya kiran ki ba, kin san wayar gidan ɗaya ce, kuma tana aljihun Baba.

Yaya, na sami ɗan aiki a ɗakin karatu na unguwa. Duk Asabar bayan la'asar Malama mai kula da wurin tana rufe labule ta nuna tsohon fim da majigi. Idan an gama ni nake raba ƙananan takardu da fensir, kowa ya rubuta ra'ayinsa ba tare da suna ba, ya jefa a kwali. Daga baya in kwafe su a babban littafi. Malama ta ce ta zaɓe ni ne don ba ni da surutu.

Na jiya fim ne baƙi da fari, wai ya girmi Baba. Wani tsohon alƙali ne da matarsa da 'ya'yansa biyu. Kullum ya farka sai ya ga kujera a gaban gadonsa tana fuskantar sa, kamar wani ya zauna yana kallon sa. Ya fitar da ita, gobe ta dawo. Ya zargi mai aiki, ya kore ta. Ya zargi 'ya'yan. A ƙarshe ya kulle iyalin duka a ɗaki ɗaya ya rataya makullin a wuyansa. Gari ya waye, ga kujera. Shi ke nan, fim ya ƙare. Babu jini, babu dodo, amma wata mata har ta saki jakarta.

Ki ji abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce matar ce, a dubi murmushinta lokacin da take zuba masa shayi. Wata ta ce aljanu ne, gidan da ba a addu'a me ake jira. Wani ya ce yau kujera ba za ta kwana a ɗakinsa ba. Mai Aski bai ma rubuta ba, da baki ya ce a mayar masa da yammacinsa, fim ba faɗa ba waƙa ba ƙarshe.

Baba ma ya zo. Mai Aski ne ya ja shi, suka zauna a layin baya. Ina cikin kwafewa sai na ci karo da wata takarda. Rubutun Baba ne mai kwanciya gefe, wanda yake jikin ambulan ɗin da yake saka agogon mutane a shagonsa na gyara. Ga abin da ya rubuta:

"Mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Na gida ne suke yi masa. Na sani domin ni ma ana yi mini, kuma na kusa kama mai yi."

Yaya, kin tuna ranar da za ki tafi kika ce Baba ya fara mantuwa, kada in bari ya gane, in riƙa bin bayansa ina gyarawa? Wata bakwai ke nan ina yi. Idan ya tafi masallaci sai in shiga shago. In ya sa agogon wani a ambulan ɗin wani, in mayar. In ya bar hantsaki a kwanon sukari, in ɗauke. Rannan makullin shago a cikin firij na same shi. Ni ina ganin taimako nake yi. Ashe shi yana lura kaya ba sa kwana inda ya bar su.

Malama ta sa na yi alkawari ba zan faɗi ra'ayin kowa a waje ba, ga shi na karya. Ban kwafi wannan a littafi ba, tana cikin safata. Yaya, ni ba zan iya ci gaba ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanwarki,
Auta

*

Alhamis, 16 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai aiki. Mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa, a tsaye nake rubuta miki wannan. Ki gaida Baba da Gwaggo. A riƙa ɗora masa ƙafar a kan matashi, a rage gishiri.

Na karanta takardarki. Wato ba za ki iya ci gaba ba? Ɗan ɗauke hantsaki da mayar da ambulan shi ne ya gajiyar da ke? Ni da nake kwana a tsaye don in aiko muku da abin cefane ban ce na gaji ba. Mahaifinki ne fa. Tun rasuwar Mama shagon nan ne kawai yake fitar da shi daga ɗaki. Ranar da ya san cewa kansa ya fara tafiya, ranar zai kwanta, kuma na ga irinsu da yawa a nan, ba sa tashi.

Maganar takarda kuma, fim ne ya hau masa kai. Abin da ya rubuta ran Asabar, kafin Litinin ya manta. Ai ciwon ke nan. Ke ma ki rage kallon irin waɗannan finafinai, yarinya da ke, kin zo kina tsorata kanki.

Ki ci gaba yadda na ce, ki ƙara kula kada ya gan ki. Kada ki kuskura ki faɗa masa komai.

Yayarki

*

Lahadi, 19 ga wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ba da lada. Mun rage gishirin. Kowa lafiya, sai dai gidan ba daɗi.

Yaya, wallahi ban gaji ba. Ba haka nake nufi ba. Na karanta takardarki a banɗaki na yi kuka, don Allah ki daina ganin ƙyuya ce.

Bai manta ba. Ya sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango yana sa shi a aljihun gaba. Duk abin da ya ajiye sai ya rubuta inda ya ajiye shi. Ya kuma zagaye kowane abu a kan teburin shago da fensir, har gilashin ido ɗaya na duba cikin agogo da kwalbar ƙananan kusoshi. Matsalar ita ce wani lokaci yakan rubuta abu ɗaya ya yi wani. Ya rubuta ya sa agogon direban makaranta a ambulan na tara, alhali a na shida ya sa. In na bari, littafi ya ce an taɓa. In na gyara wani abin da bai rubuta ba, idonsa ya ce an taɓa.

Na gwada cire hannuna kwana uku. A rana ta uku wata mata ta zo karɓar agogon mijinta, Baba ya ba ta na wani. Ta dawo da rana tana ɗaga murya a bakin titi, wai tsufa ya zo a rufe shago mana. Masu kanti suka fito kallo. Baba ya nemo na mijinta ya ba ta. Da ya shigo gida ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon Gwaggo har ta ce, "Lafiya, Mai Agogo? Ka ga baƙuwa ne?"

Jiya Malama ta sake nuna fim ɗin saboda gardama ta yi yawa a unguwa. Wannan karon ta ce a yi magana da baki. Mutane sun cika har tsaye. Mai Aski ya ce shi fa har yanzu matar yake zargi, mace mai shiru-shiru ita ce abin tsoro. Matar mai kemis ta ce, "Kai dai ka faɗi abin da ke damun ka a gida," aka yi ta dariya. Wani malamin makaranta ya ce a lura, ba a taɓa nuna alƙalin yana barci ba, shi yake ɗauko kujerar da kansa bai sani ba.

Sai Baba ya miƙe. Kin san Baba ba ya magana a taro. Ya ce, "Malam, ka taɓa zama a gidanka ka ga ana mayar da kai mahaukaci da sannu-sannu? Mutum ya shekara arba'in yana haɗa abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, sai a ce bai san inda ya ajiye makulli ba? Kuskuren alƙalin nan ɗaya ne, ya tsaya kulle mutane. Da ya fitar da mai yi daga gidan, da ya huta."

Mai Aski ya ja masa riga ya ce, "Zauna, fim ne."

Da muka dawo ya kira Gwaggo tsakar gida. Ya ce, "Gwaggon yara, na gode da zaman da kika yi mana, amma ya isa. Ki koma wajen ɗanki." Ta ce me ta yi. Ya ce ita ta sani. Wai ita kaɗai ke wuni a gida, kuma tun bara take cewa ya huta ya ba da hayar shagon. Ya ce ni yarinya ce, ko ƙuda ba na iya korewa. Ya ba ta zuwa Juma'a ta sama, 31 ga wata.

Yaya, Gwaggo ce fa ta goya shi. Ɗan nata ɗaki ɗaya gare shi da mata da yara huɗu, ina za ta kwanta da wannan tarin? Ina tsaye a wurin, bakina ya ƙi buɗewa. Ki ba ni izini in faɗa masa. Ko ki kira shi ke ki faɗa. Don Allah ki ba direba amsa a wannan zuwan.

Ƙanwarki,
Auta

*

Talata, 28 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Na je tashar motar magani ran Alhamis, na koma jiya. Sun ce motar ta lalace a hanya, direba bai dawo ba. Wannan zan ba wata mata mai zuwa awo wajenku, ban sani ba ko za ta same ki.

Baba ya daina cin abincin Gwaggo. Burodi yake saya ya ci a shago. Ya sa wa ƙofar shago ta cikin gida sabon kwaɗo, amma jiya ya bar shi a buɗe da makullin a jiki, ga ƙarfen narka dalma a jone yana hayaƙi kusa da takardu. Na cire. Me zan yi, in bar shi? Da ya dawo ya duba littafinsa, ya rubuta wani abu, ya ja layi biyu a ƙasa.

Gwaggo ta ɗaure kayanta, jaka biyu da buhu ɗaya. Yau da hantsi ina taya ta naɗe zannuwa na ce, "Gwaggo, ni ce." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yo da wa nake tsammani, aljanun fim ɗinku? Tun watan farko nake ganin ki kina sanɗa kamar kyanwa."

Na ce to zan faɗa masa. Sai ta riƙe mini hannu da ƙarfi. Ta ce, "Ahir ɗinki. Gara ya ƙi ni da ya ƙi kansa. Ni in ya kore ni ina da inda zan je. Shi in ya gane, ina zai je?" Ta ce in na buɗe baki ba ita ba ni.

Ke kin ce kada in faɗa, Gwaggo ta ce kada in faɗa. Amma Yaya, in ta tafi kaya ba za su daina motsi ba. Saura ni kaɗai a gidan. Kuma wa zai kula da shi in ina makaranta? Ko karatu ba na ganewa, yau malamin lissafi ya kira ni sau uku ban ji ba.

Saura kwana uku.

Auta

*

Laraba, 29 ga wata

Auta, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Yanzun nan takardarki ta 19 ga wata ta iso, ta kwana goma a cikin mota. Ki yafe mini maganar da na yi miki, ban fahimce ki ba.

Na hau tudun bayan asibiti inda ake samun layi na kira Baba. Da na ambaci Gwaggo sai ya ce in tsaya a kan aikina, ya kashe. Ban iya faɗa masa ta waya ba. Irin wannan magana ba a yin ta sai ana kallon mutum, da likita a kusa.

Na nemi hutu, sun ce sai 10 ga watan gobe. Ki bar Gwaggo ta tafi, kwana goma ne, ni zan je in dawo da ita da kaina. Ki daure. Kada ki yi wannan magana ke kaɗai, ba ki san yadda zai ɗauke ta ba. Ni na ɗora miki wannan kaya, ki jira in zo in sauke.

Yayarki

*

Lahadi, 2 ga sabon wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Na yafe, ni ma ki yafe mini. Takardarki jiya Asabar ta zo, ta tarar na riga na yi abin da kika hana.

Ran Juma'a da safe ban je makaranta ba. Ƙarfe tara mai tasi ya tsaya a ƙofar gida. Gwaggo ta fito da mayafinta, ya sa jakunkuna a but ɗin motar. Baba yana shago ya sa gilashin ido ɗaya, ya sunkuya a kan wani agogo kamar bai san abin da ake yi ba. Ta leƙa ta ce, "To Mai Agogo, na tafi. Maganin ƙafarka yana kan firij, biyu da safe." Bai ɗago ba.

Ban san lokacin da na shiga shagon ba. Na tsaya a gaban tebur. Na ce Baba, bai ji ba. Na sake cewa. Ya ce, "Auta, ba ki tafi makaranta ba?"

Na ce, "Baba, ba Gwaggo ba ce. Ni ce nake taɓa maka kaya."

Ya cire gilashin. Ya ce, "Ita ta sa ki faɗi haka."

Na ce a'a. Gwaggo ta shigo tana cewa ƙarya nake yi, in wuce ciki. Ni kuwa tunda bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na faɗa masa na ambulan, na makulli, na ƙarfen da ya bari a jone. Na ce kwana ukun da matar nan ta zo ta yi masa ihu, ban taɓa komai ba, ba wanda ya taɓa. Na ce ya buɗe ambulan na huɗu, yanzu da safen nan ina kallo ta taga ya sa abu a ciki, kuma tun lokacin bai tashi daga kujerarsa ba.

Ya duba littafinsa. Ya ce, "Agogon liman ne." Ya buɗe. Cokalin shayinsa ne a ciki. Agogon liman yana cikin kofi.

Yaya, ga agogo sun fi talatin a bango suna ta bugawa. Ya daɗe yana kallon cokalin. Mai tasi ya yi hon, Gwaggo ta leƙa ta ce masa ya jira mana, ana haihuwa ne?

Baba ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce wata bakwai, yanzu takwas.

Ya ce, "Yayarki ta sani?"

Na ce ke kika fara lura. Ki yi haƙuri, ban iya yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Wato kowa ya sani sai mai kan." Na zaci zai dake ni, ko da yake bai taɓa ba. Sai ya tsamo agogon daga kofi ya goge da gefen rigarsa. Ya tashi ya fita da kansa, ya buɗe but ya sauke jakunkunan, da ƙafar nan tasa. Ya sallami mai tasi. Ya zo gaban Gwaggo zai durƙusa, ta riƙe shi ta ce, "Kai, tashi, kada ka tara mana jama'a." Su biyun suna hawaye, ni ma haka.

Kafin azahar ya kira ni ya ce in tsaya a kansa. Ya yage shafukan da ya rubuta sunan Gwaggo, ya rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe cewa ba wanda yake taɓa masa kaya, mantuwa ce. Ya ce saboda kada gobe ya tashi ya sake korar ta. Sannan ya ce, "Daga yau in na ajiye abu a inda ba wurinsa ba, ki kira ni ki nuna mini. Wuta kawai za ki kashe ba tambaya."

Ba zan ce miki komai ya yi daidai ba. Gwaggo ba ta yi mini magana ba tun ranar, sai dai ta tura mini kwano. Baba bai buɗe shago jiya ba, kuma abincinsa kaɗan ya taɓa. Yana zaune a tsakar gida yana kallon hannuwansa. Mai Aski ya zo jan sa kallon fim, ya ce ba shi da lafiya. Watakila ke ce da gaskiya, Yaya, ban sani ba. Tsoro nake ji har yanzu.

Amma yau da safe ya ce in ɗauko ambulan duka mu duba tare, gobe mu fara mayar wa mutane agogonsu, waɗanda zai iya gyarawa ya gyara ina zaune kusa. Mun yi goma sha ɗaya. Uku ya yi kuskure, na nuna masa, ya ce to.

Ya san ina rubuta miki. Ya ce in gaishe ki, kuma ba ya fushi. Ya ce in kin tashi zuwa ran goma kada ki tsaya saye-sayen tsaraba. Ki zo ki zauna a gabansa ki gaya masa sunan ciwon da abin da zai biyo baya, tun yana iya riƙewa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta